Daga Fijo 504 zuwa jif: yadda zaɓen motar gida ya canza a yankinmu

1/ 'Yan uwana sun haɗa kuɗi suka ce in nemo motar gida, saboda kai Inna asibiti Gusau daga ƙauyenmu na ƙasar Zurmi. Ni kam jif na sa a rai, mai jan ƙafa huɗu. Sai Baffa, tsohon direba, ya zaunar da ni. Ku biyo ni 🧵

2/ Tun 1929 layin dogo daga Zariya ya iso Kaura Namoda, nan ya tuƙe. Gyaɗa da auduga su hau jirgi. Daga Kaura zuwa Shinkafi ko Zurmi kuwa sai jaki da raƙumi, daga baya manyan motoci. Land Rover ta D.O. ce da manyan En'e, talaka sai kallo.

3/ A 1975 kamfanin PAN ya fara haɗa Fijo a Kaduna. Nan 504 wagon ta zama motar iyali, ta zama motar haya. Abin da ya ban mamaki: ba ta jan ƙafa huɗu fa, ƙafafun baya kawai ke turawa. Amma tana da tsayi daga ƙasa, tana shanye gargada, kuma kowane bakanike ya san cikinta kamar ɗakinsa.

4/ Baffa ya ce ranar Alhamis, kasuwar Shinkafi, sai ya yi sawu biyu da ita. In ta kafe a yashi fasinja su sauka su tura, a ci gaba. In ta lalace a daji ya kwana gefenta, babu abin da yake tsoro sai sauro. Wannan maganar ta daɗe tana min yawo a kai wallahi.

5/ Da aka ƙirƙiri Zamfara a 1996, Prado da Hilux suka yawaita, na gwamnati da 'yan siyasa. Mu kuma sai 'yan Kwatano: Golf, Sharon, Sienna. A 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, farashi ya ɗaga.

6/ Sai rashin tsaro ya sauya lissafin gaba ɗaya. Hanyar Kaura zuwa Shinkafi, wanda ya sani ya sani. Baffa ya ce: "Ɗana, jif mai baƙin gilashi daga nesa take faɗin akwai kuɗi a gidanku." Ba wai Golf na tsira ba ne, ana tare ta ita ma. Amma kuɗin fansar da za a yanka maka, har da motar da aka gan ka ciki ake dubawa.

7/ Ga mai. A Satumbar 2021 an katse layukan waya, an taƙaita sayar da fetur a jihar. A 2023 tallafi ya tafi. Injin V6 bai san wannan ba, sha kawai yake.

8/ Ban ce jif ba ta da rana ba. Da damina, in hanyar ƙauye ta zama taɓo, mai jan ƙafa huɗu ce ke fita. Sai dai wata nawa ne a shekara?

9/ Ƙarshe tsohuwar Sharon muka saya, fentinta ya koɗe, ba a bambanta ta da ta haya. Na so a sake mata fenti, Baffa ya hana. Jibi za mu kai Inna ganin likita, ba za mu tashi ba sai rana ta ɗaga.