Tarihin Akwatin Kyauta na Takarda

Akwatin kyauta na takarda ƙaramin mazubi ne mai murfi da ake yi da fallayen takarda masu zane. Ana ninke kowane falle daban, sannan a cusa harshen wannan cikin aljihun wancan har su riƙe juna, ba gam ba ɗinki. Reshe ne na origami, fasahar ninke takarda ta mutanen Japan.

A ƙasar Sin aka fara yin takarda, kuma ana danganta inganta ta ga wani bafaden sarki, Cai Lun, a shekarar 105 miladiyya. Zuwa ƙarni na 7 Japanawa sun iya yin tasu. Da yake tana da tsada, ninke ta ya fara ne a wuraren ibada da gidajen manya, kuma tun farko da kyauta yake tafiya. Mai ba da kyauta yakan liƙa mata wata ninkakkiyar takarda da ake kira noshi, alamar girmamawa da fatan alheri. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, takarda ta wadata, ninki ya shiga gidajen talakawa. A lokacin ne chiyogami ta yaɗu daga Kyoto zuwa Edo, wato Tokyo ta yau: takarda ce da ake buga wa furanni da zanen tufafi da hatimin katako, launi bayan launi.

Shaida mafi tsufa da aka sani ta akwatin da aka harhaɗa daga fallaye da yawa tana cikin littafin Ranma Zushiki na 1734. A ciki akwai zanen tamatebako, akwati mai fuska shida, kowace fuska falle guda, kuma ana iya buɗe shi ta kowace fuska. Akwai kuma masu, wanda ya fi shi sauƙi nesa ba kusa ba. Asalin masu ma'aunin shinkafa ne na katako, mudun Japanawa ke nan. Na takardar kuwa falle ɗaya ake ninkewa: a kai kusurwoyi huɗu tsakiya, a danne layukan da farce, a ta da gefuna. Murfinsa wani falle ne da ya ɗan ɗara na farko girma. Har gobe yana cikin abubuwan da ake fara koya wa yaro.

Bajamushe Friedrich Fröbel, wanda ya kafa makarantar renon yara a 1840, ya sa ninkin takarda cikin darussansa, kuma tsarin nasa ya isa Japan a shekarun 1870. Daga baya Akira Yoshizawa (1911–2005) ya daidaita alamomin layi da kibiya da ake rubuta matakan ninki da su, sai littafi ya zama malami ko ga wanda ba ya jin Japananci. A ƙarshen shekarun 1960 aka san ƙwayar Sonobe, wato falle guda ninkakke mai harshe da aljihu, mai sunan Mitsunobu Sonobe, wadda shida daga cikinta ke ba da akwati rufaffe, 30 su ba da ƙwallo mai tsinaye.

Amma wadda ta mai da akwatin kyauta fanni mai zaman kansa ita ce Tomoko Fuse, haifaffiyar Niigata a 1951. Littafinta Origami Boxes ya fito da Turanci a 1989, Unit Origami ya biyo baya a 1990. Akwatinta mai kusurwa huɗu falle takwas yake ci, huɗu gindi huɗu murfi, kuma ta yi masu kusurwa shida da takwas. Gwanintarta tana kan murfi: idan aka gauraya takarda mai zane da marar zane, inda fallayen suka haɗu sai ya fito da tauraro ko fure, ba tare da an zana komai ba. A ganina a nan fasahar ta kai ƙololuwarta.

A ƙasar Hausa, mazubin kyauta da aka gada adudu ne da faifai da ƙwarya mai zane, kafin leda ta mamaye kayan rabon biki. Akwatin takarda ba zai ɗauki lefe ba, ruwa kuma yana lalata shi. Amma yana ɗaukar zobe, 'yan kunne, dabino ko alawa, kuma tsohuwar kalanda da aka yanka murabba'i mai santimita 15 ta wadatar. Malaman aikin hannu a makarantunmu na firamare, ku gwada shi da ɗalibanku, ku fara da masu.