Wa Ya Ga Lissafin? Kuɗin Gwamnati Daga Yamai Zuwa Bana

Ranar 23 ga Fabrairu ta zo sau biyu a tarihin kuɗin ƙasarmu Nijar. A 2011, a wannan rana, gwamnatin riƙon ƙwarya ta Salou Djibo ta fitar da dokar da ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma ya gani da idonsa. A 2024, a wannan rana dai, wata doka ta cire sayayyar jami'an tsaro daga ƙa'idojin ba da kwangila da binciken da aka saba yi. Ƴan uwa ɗalibai, abin da ya faru cikin shekarun nan 13 ya isa a zauna a kansa.

Tun 2005 Nijar ta rungumi tsarin ITIE, wanda ke tilasta bayyana abin da kamfanonin uraniyom da zinariya da man fetur suka biya, da abin da baitulmali ya ce ya karɓa. Tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010 ya ƙara gaba: aya ta 150 ta ce a buga kwangilolin ma'adinai da kuɗin da suka shigo, kamfani bayan kamfani, a jaridar gwamnati ta Journal Officiel. A takarda kam, mun sha gaban maƙwabta da yawa.

To, amma fa takarda daban, aiki daban. A 2017 aka dakatar da Nijar daga ITIE, ita kuma ta fice, ba ta koma ba sai 2020. A Maris 2018 aka kama Ali Idrissa na ƙungiyar ROTAB, da Moussa Tchangari, da Nouhou Arzika, saboda zanga-zangar ƙin dokar kasafin kuɗin shekarar. A 2020 binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro ya nuna asarar miliyar 76 na sefa, kuma ta hanyar ƴan jarida jama'a suka san abin da rahoton ya ƙunsa. Tsarin mulkin 2010 kansa an jingine shi a Yuli 2023.

Yanzu mu sauko gida. Kwastan na Gaya ya daɗe yana cikin manyan ƙofofin da kuɗi ke shigo wa ƙasa, kafin rufe gadar Malanville a 2023. Bututun man Agadem ma ta yankinmu ya ratsa zuwa Benin. Bana kuwa ƙaramar hukuma ce mai kasafinta, tun zaɓen kansiloli na 2004, har aka rusa majalisun a Afrilu 2024 aka naɗa masu riƙo. Kowace ranar kasuwa ana yankar tikiti, kowace shekara ana biyan haraji. Mutum nawa ne a garin nan za su iya faɗin nawa aka tara bara, da inda ya shiga?

Ko a lokacin da doka ke gefenmu, lissafin bai iso ba. Kasafi yakan fito da Faransanci, cikin shafuka masu yawa, wani lokaci ma hoton takarda ne kawai aka ɗora a intanet, ba ka iya kwafar lamba ɗaya balle ka tara. Manomin da ke jin Dandanci ko Hausa ko Fulatanci, me aka buɗe masa? Kasafin ƙaramar hukuma kashi biyu ne: kuɗin tafiyar da ofis, irin su albashi da mai, da kuɗin ayyuka, irin su aji da rijiya. Wanda ya gane wannan rabon kaɗai ya iya tambayar da za ta sa mai kujera gyara zama.

Maƙwabtanmu na Najeriya sun gwada. A 2011 aka kafa BudgIT a Legas, suna ɗaukar kasafin tarayya su mayar da shi zane da jadawalin da ake ganewa a waya. A 2012 matasan Follow The Money suka bi sawun kuɗin da aka yi alkawari don tsabtace Bagega ta jihar Zamfara, inda gubar dalma ke kashe yara, har gwamnati ta sake su a farkon 2013. Ba su jira an kawo musu lissafi ba, su suka je suka nemo, suka fassara shi ga mutane.

Abin da doka ta bayar, doka na iya karɓewa, mun gani. Al'adar tambaya ce ke da wuyar sokewa idan ta kafu a gari. Hutu mai zuwa, mu je ofishin magajin gari cikin ladabi mu nemi kasafin shekara. Mu zuba shi a jadawalin da kowa zai iya kwafa, mu juya shi zuwa Hausa da Dandanci, mu karanta shi a rediyon gari da saƙon murya na WhatsApp. Idan an hana mu, mu rubuta ranar da aka hana, don masu zuwa bayanmu su san inda aka kwana.