Abincin manyan namun daji a ƙasar Dakoro ta dā: fari ne ya kore su?

Manyan namun daji masu cin tsiro da suka taɓa zama a ƙasar Dakoro, daga kwarin Tarka zuwa dajin Gadabeji, ba lokaci ɗaya suka ɓace ba, kuma ba dalili ɗaya ya kore su ba. Duk da haka bayanin da ya fi yawo a rahotannin ƙungiyoyi guda ne: ruwan sama ya ragu, hamada ta gangaro kudu, ciyawa ta ƙare, dabbobi suka mutu ko suka yi ƙaura. Tushen wannan ra'ayi tsoho ne. Tun 1935 masanin gandun daji E. P. Stebbing ya rubuta cewa Sahara na mamaye ƙasashen iyakar Nijar da Najeriya, kuma ko da yake kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa ya zagaya yankin a 1936 zuwa 1937 bai sami shaidar hakan ba, zancen bai mutu ba. Idan aka duba abin da kowace dabba take ci da inda take samun ruwa, da wuya wannan bayani ya tsaya da ƙafarsa.

Labarin zamanin danshi sananne ne. Tsakanin shekaru kusan 14,500 zuwa 5,500 da suka wuce, Sahara na da tafkuna da ciyayi. An tono ƙasusuwan dorina da giwa da raƙumin dawa da kada a Gobero cikin Tenere (Sereno da abokan aikinsa, 2008), sannan ga zanen raƙuman dawa na Dabus a arewacin Agadas. Kwarin Tarka kansa tsohon gulbi ne da ya ƙafe. Gobero na da nisa da Dakoro, amma ƙasar da ke kudu da ita ba za ta gaza ta danshi ba a wancan zamani. A kan dorina babu gardama: dabba ce da ke wuni cikin ruwa, ta fito da dare ta ci gajeriyar ciyawar bakin gaɓa, saboda haka ranar da tafki ya ƙafe zamanta ya ƙare. Ɓauna ma sai ta sha kusan kullum. Waɗannan kam sauyin yanayi ne ya raba su da arewa, dubban shekaru kafin a kafa barikin Dakoro a 1947.

Kuskuren shi ne jawo wannan hukunci a ɗora wa mariri da raƙumin dawa da barewa. Waɗannan sun rayu shekaru dubbai bayan ƙafewar tafkunan. A watan Janairun 1851, da Heinrich Barth ya ratso ƙasar Tagama a hanyarsa daga Abzin zuwa Damargu, gabas da Dakoro, ya bayyana ta da mazaunin raƙumin dawa da mariri. Buzaye da fatar mariri suke yin garkuwa. Kuma a 1955, da aka keɓe hekta 76,000 a Gadabeji, mariri da barewa ne aka yi niyyar karewa.

Abincinsu ne ya ba su wannan juriya. Raƙumin dawa ganye yake ci daga saman itace: kandili, aduwa, jiga, da gawo, wanda ke fitar da ganye da rani lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. Saiwar irin waɗannan itatuwa na nutsawa ƙasa sosai, don haka shekarar da damina ta gaza ba lalle ta hana su tofo ba. Mariri kuwa ciyawa ce cimarsa da damina, irin su ƙarangiya tun tana ɗanya, amma da bazara yakan koma ga ƴaƴan itatuwan ƙaya da gunar daji, wadda yake samun ruwa daga cikinta, har ya yi watanni bai je bakin ruwa ba. Yana bin hadari zuwa arewa idan ruwa ya sauka, ya dawo kudu neman inuwa da sauran ciyawa idan zafi ya tsananta. Dabbar da rayuwarta ke kan wannan tsari ta saba da fari tun fil'azal.

Ana iya auna abincin dabbar da ta mutu tuntuni daga haƙorinta. Ciyawar ƙasashe masu zafi, dangin gero da dawa, tana sarrafa iskar kabon ta hanyar da ake kira C4, itatuwa kuma ta hanyar C3, kuma kowace hanya na barin alamarta a ɓawon haƙori. Da wannan awo ne Cerling da Harris da Leakey (1999) suka nuna cewa kakannin giwar Afirka ciyawa suka fi ci tsakanin shekaru miliyan 5 zuwa miliyan 1 da suka wuce, alhali giwar yau ganye ta fi ci. Wannan gargaɗi ne ga kowa, har da wannan maƙala: ba daidai ba ne a ɗauki cimar dabba ta yau a ce ita ce ta dā ba tare da hujja ba. Awon kansa yana da iyaka, domin guna ma C3 ce, haƙorin maririn da ya ci ta ba zai bambanta ta da ganyen aduwa ba. Sai dai tazarar da ake magana a kanta a Dakoro ta ƙarni ɗaya ko biyu ce, kuma matafiya da maharba da makiyaya sun ga waɗannan dabbobi suna kiwo da idonsu.

Babbar hujjar masu ɗora laifi kan fari ita ce daidaituwar lokaci, kuma ta cancanci a saurare ta. Raƙumin dawa ya ɓace daga Gadabeji wajajen shekarun 1970, mariri ya ƙare a Nijar cikin shekarun 1980, wato daidai da farin 1968 zuwa 1974 da na 1984. Suna ƙara da cewa ciyawa mai daɗewa irin gamba ta ja baya, mai shekara ɗaya ta maye gurbinta, itatuwa da dama kuma sun bushe a tsaye. Duk wannan gaskiya ne, kuma ba shakka fari ya kashe namun daji kamar yadda ya kashe shanun Fulani. Abin da hujjar ta kasa bayyanawa shi ne yadda mariri ya tsallake yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ba ta gaza waɗannan muni ba, har ya kai 1955 da yawan da ya isa a keɓe masa daji. Abin da ya sauya tsakanin fari na farko da na baya shi ne hanyar tsira. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, wadda a wannan yanki ta bi kwarin Tarka, amma gonaki sun daɗe da tsallake ta, sun cinye wuraren da dabbobi ke komawa da bazara. Rijiyoyin siminti da fanfunan da aka haƙa a yankin makiyaya daga shekarun 1950 sun ba shanu da tumaki damar zama shekara cur a makiyayar da dā rashin ruwa ke bar wa mariri shi kaɗai. Sai kuma bindiga da mota, waɗanda suka sa dabbar da yunwa ta raunana ba ta da wurin gudu.

A nan ya kamata da'awar ta tsuke. Ba za a iya raba kason fari da kason ɗan Adam da ma'auni ba, tunda tare suka yi aiki. Abin da shaida ta yarda a faɗa shi ne cewa ƙarancin abinci shi kaɗai bai isa bayani ba, aƙalla ga masu cin ganye. A Nuwambar 2018 an ɗauko raƙuman dawa 8 daga garken da ke Kure, mai nisan fiye da kilomita 800, aka sake su a Gadabeji, aka ƙara 4 a 2022, kuma sun rayu a kan itatuwan da ke wurin har sun haihu. Adadin kaɗan ne, shekarun ma kaɗan ne, amma da a ce dajin ba zai iya ciyar da su ba, da tuni an gani. A Kure ma garken da ya ragu zuwa 49 a 1996 ya haura 600 bayan an hana farauta, a ƙasar da ke cike da gonakin gero da wake.

Lamarin mariri ya fi wuya, domin shi ba itace kawai yake buƙata ba, fili yake buƙata mai faɗin da zai bi ruwa, kuma hekta 76,000 ba ta kai zangon ƙaurarsa ba. An ayyana shi a matsayin wanda ya ƙare a daji a shekarar 2000. Daga 2016 aka fara sakin waɗanda aka kiwata a gandun Wadi Rime da Wadi Ashim na Chadi, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 78,000, wato ninki ɗari na Gadabeji, a yanayi mai kama da na arewacin Dakoro, kuma a Disambar 2023 aka cire shi daga wancan rukuni. UNESCO ta sanya Gadabeji cikin wuraren da take karewa a 2017, tare da makiyayar da ke kewaye da dajin, inda Fulani da Buzaye ke kiwo, kuma a wannan makiyaya ce tsoffin hanyoyin ƙaurar mariri suka ratsa.