BABI NA UKU: JIRAGEN SAMA MASU ARAHA DA MATSALAR SADARWAR MATAFIYI A ƘASAR WAJE

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda sufurin jirgin sama ya faro, da yadda gwamnatoci suka mallake shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Wannan babi kuwa zai dubi yadda mai ƙaramin ƙarfi ya sami hanyar shiga jirgi a Turai da Amurka, da wahalhalun da suka biyo bayan wannan araha, sannan da yadda matafiyin da ya tsinci kansa a wata ƙasa yake isar da labarinsa gida. An haɗa abubuwan biyu a babi ɗaya ne saboda tarihinsu a sarƙe yake. Duk lokacin da kamfani ya rage kuɗin tikiti, yakan sauke wani nauyi ne daga kansa ya ɗora wa fasinja, shi kuwa fasinjan da aka bari a filin jirgi babu abin da yake buƙata kamar waya.

3.1 Zamanin Ƙayyade Farashi

A shekarar 1945 aka kafa ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, wato IATA, a birnin Habana na ƙasar Kyuba. Daga nan sai ya zama kamfanoni ne suke zama su yanke kuɗin tikitin kowace hanya tsakanin ƙasa da ƙasa, gwamnatoci su sa hannu. Tun da yake ba a yarda wani ya karya farashi ba, sai gasa ta koma kan abinci da kyan kujera. A 1958 har taƙaddama aka yi tsakanin kamfanonin Amurka da na Turai a kan yawan abin da ya halatta a sa a cikin burodin da ake bai wa fasinjojin ƙaramin aji.

Mai neman araha a wancan lokaci hanya biyu yake da ita. Ta farko ita ce kamfanin Loftleidir na ƙasar Ayislan, wanda ba ya cikin IATA. Yana kwasar ɗalibai da matasa daga Niyok, ya yada zango a Ayislan, ya sauke su a Luksambok, daga nan kowa ya nemi mota ko jirgin ƙasa. Ta biyu ita ce jirgin shata. Sai dai doka ta ce ba a sayar da kujerar shata sai ga wanda ya yi wata 6 yana cikin wata ƙungiya da ba don tafiya aka kafa ta ba. Wannan ya haifar da ƙungiyoyin bogi masu yawa, jami'an gwamnati kuma suka riƙa zuwa filin jirgi suna yi wa fasinjoji tambayoyi, wanda ya kasa amsawa a hana shi tafiya da jakarsa a hannu.

Ta fuskar sadarwa kuwa, wasiƙa ce dogaron matafiyi. Akwai takardar nan mai launin shuɗi da ake rubutu a cikinta a naɗe a liƙe, wadda take zuwa da kan sarkinta. Wanda ba shi da masauki tsayayye yakan ce a aiko masa ta babban gidan waya na garin da zai bi, a ajiye masa har ya zo da fasfo ya karɓa. Wayar tarho ta masu hali ce. Lokacin da aka buɗe layin tarho tsakanin Landan da Niyok a 1927, minti 3 dala 75 ne. Bayan an shimfiɗa igiyar waya ta ƙarƙashin tekun Atlantika a 1956, mai ɗaukar kira 36 a lokaci ɗaya, kuɗin ya tsaya a dala 12.

3.2 Freddie Laker da Jirginsa na Skytrain

Mutumin da ya fara tunkarar wannan tsari gaba da gaba shi ne Freddie Laker, wani Bature ɗan Ingila da ya kafa kamfanin Laker Airways a 1966. A 1971 ya nemi izinin buɗe hanya tsakanin Landan da Niyok wadda za a riƙa shiga jirgi kamar yadda ake shiga jirgin ƙasa: mutum ya zo ranar tafiya, ya sayi tikiti, ya zauna. Shi ya sa ya raɗa mata suna Skytrain. Shekara 6 ya yi yana fafatawa da hukumomin Ingila da na Amurka, har da zuwa kotu, kafin jirgin farko ya tashi daga filin Gatwick ranar 26 ga Satumba, 1977. Kuɗin zuwa fam 59 ne, na dawowa daga Niyok dala 135, mai son abinci kuma ya biya dabam.

Jama'a sun yi maraba da abin ƙwarai, har Sarauniya ta ba Laker lambar girma a 1978. To amma a bazarar wannan shekara ce aka fara ganin ɗaya fuskar arahar. Da yake ba a kama kujera tun da wuri, sai mutane suka cika tashar jirgin ƙasa ta Victoria, inda ake sayar da tikitin, da filin Gatwick, wasu suna kwana da kwanaki a layi a kan jakunkunansu. Abin lura a nan shi ne, wanda yake cikin layin bai san ranar tashinsa ba, balle ya sanar da mai taryensa. In ya buga waya sau biyu ko uku ya ce ba yau ba sai gobe, to ya ci wani kaso na rarar da ya samu a tikitin.

Kamfanin bai yi tsawon rai ba, kuma dalilan sun haɗu ne. Laker ya ciwo bashi da dala ya sayi jirage, alhali yawancin cinikinsa da fam ne, sai darajar fam ta faɗi a 1981. Kafin nan, a 1979, hukumomin Amurka sun dakatar da jiragen DC-10, waɗanda su ne ƙashin bayan kamfanin, fiye da wata guda bayan hatsarin da aka yi a Shikago. Ga tsadar mai, ga koma-bayan tattalin arziki, sannan manyan kamfanoni irin su Pan Am da British Airways suka sauko da farashinsu daidai da nasa. Ranar 5 ga Fabrairu, 1982, kamfanin ya durƙushe da bashin kimanin fam miliyan 270, fasinjoji wajen 6,000 suka maƙale a ƙasashen waje. Wanda aka naɗa ya tattara kadarorin kamfanin ya kai manyan kamfanonin ƙara a Amurka bisa zargin haɗa baki don su kashe Laker. Ba a kai ga yanke hukunci ba, an sasanta a 1985, a daidai lokacin da gwamnatin Ingila take ɗokin sayar da British Airways ga 'yan kasuwa, shari'ar kuwa ta tare hanya. Saboda haka zai yi wuya a ɗora laifin faɗuwar a kan ɓangare ɗaya, ko da yake bashin dalar nan ganganci ne a fili.

3.3 Daga Teksas Zuwa Dabilin

Tsarin da ya ɗore ba na Laker ba ne, na kamfanin Southwest ne da ya fara aiki a jihar Teksas ta Amurka a 1971. Dabararsa ita ce jirgi iri ɗaya, wato Boeing 737, da gajerun hanyoyi, da hana jirgi daɗewa a ƙasa, domin jirgin da yake tsaye ba ya kawo kuɗi. Da Shugaba Carter ya sa hannu a dokar sakin harkar jiragen sama a 1978, sai irin waɗannan kamfanoni suka yawaita. Ɗaya daga cikinsu, People Express, yana karɓar dala 3 a kan kowace jakar da aka auna, ya kuma yi ƙaurin suna wajen sayar da tikiti fiye da yawan kujeru, har aka haɗe shi da Continental a 1987.

A Turai, Ryanair ya fara a 1985 da ƙaramin jirgi mai kujera 15 daga Waterford a ƙasar Ayilan zuwa Gatwick. Da asara ta yi masa yawa sai Michael O'Leary ya je ya ga yadda Southwest yake aiki, ya dawo ya kwaikwaya, ya kuma zarce malaminsa wajen tsuke hannu. A 1995 Stelios Haji-Ioannou ya kafa easyJet, yana kai mutane daga Luton zuwa Glasgow a kan fam 29, da lambar wayar sayen tikiti rubuce ɓaro-ɓaro a jikin jirgin don kada a bi ta hannun dillalai. Zuwa Afrilun 1997 Tarayyar Turai ta kammala buɗe sararin samaniyarta, kowane kamfani nata yana iya zirga-zirga a ko'ina cikinta.

A nan ne karin maganar nan ta araha ba ta ado ta yi daidai. Filin da Ryanair yake sauka da sunan Frankfurt, wato Hahn, yana da nisan kimanin kilomita 120 daga birnin. Na Beauvais kuma fiye da kilomita 80 daga Faris. Wanda ya sauka da tsakar dare bas ɗin ƙarshe ya wuce, kuɗin tasi yana iya fin kuɗin jirgin. A 2006 kamfanin ya fara karɓar kuɗin jaka, a 2009 ya tilasta wa kowa ya tantance kansa ta intanet ya bugo katin shiga jirgi daga gida, wanda ya manta a ci shi tara. Tun a 2004 wata shari'a ta ja hankali a Ingila, inda kotu ta ce haramun ne fam 18 da aka karɓa a hannun wani mai lalurar ƙafa don ba shi keken guragu a filin Stansted.

Koke-koke irin waɗannan suna cikin abin da ya sa Tarayyar Turai ta yi doka mai lamba 261 ta 2004, wadda ta fara aiki a Fabrairun 2005. Ta tanadi diyyar yuro 250 ko 400 ko 600, gwargwadon nisan tafiya, ga wanda aka soke jirginsa ko aka hana shi kujerarsa, a 2009 kuma kotun Tarayyar ta shigar da jinkirin sa'a 3 a ciki. Wani sashe na dokar da ba a cika ambata ba ya ce tilas kamfani ya ba fasinjan da ya maƙale abinci da masauki da damar kiran waya ko aika saƙo sau 2 kyauta. Wato masu dokar sun fahimci cewa sadarwa tana cikin haƙƙin matafiyi. An gwada ƙarfinta a Afrilun 2010, lokacin da tokar wani dutse mai aman wuta na Ayislan ta sa aka rufe sararin Turai kusan mako guda, aka soke tashi kimanin 100,000. Ryanair ya yi gardama cewa wannan ba laifinsa ba ne, amma a 2013 kotun ta ce ko da babu diyya, ɗawainiyar fasinja tana nan a wuyan kamfani.

3.4 Arahar Waya

Ita ma waya sai da aka karya babakeren kamfanonin gwamnati kafin ta yi sauƙi. Katin waya na rumfar titi ya fito a Italiya a 1976. A farkon shekarun 1990 wasu kamfanonin Amurka suka ɓullo da wata dabara: mutum ya buga lamba ya katse, na'ura ta kira shi daga Amurka ta haɗa shi da inda yake so, a caje shi farashin can mai rahusa. Daga nan sai imel kyauta na Hotmail a 1996, da shagunan intanet. Ba abin mamaki ba ne da mai easyJet ɗin nan ya buɗe katafaren shagon intanet kusa da tashar Victoria a 1999, domin masu sayen tikitinsa su ne dai masu neman inda za su aika saƙo gida. Skype ya zo a 2003 ya sa kira ta kwamfuta ya zama kyauta, aka rufe shi a Mayun 2025 bayan WhatsApp da ire-irensa sun ƙwace masa kasuwa. Baƙi mazauna Turai, ciki har da 'yan Afirka ta Yamma, sun fi dogara ga katunan kiran waje da layukan Lebara da Lycamobile.

Wayar hannu ce ta daɗe tana gasa wa matafiyi aya a hannu. Da zarar ya tsallaka iyaka da layinsa, kamfanin ƙasar da ya shiga yana cajin kamfaninsa na gida, shi kuma ya ɗora riba ya miƙo masa, har kiran da ya amsa sai ya biya. Abin sha'awa, ba Turai ce ta fara kawar da wannan ba. A Satumbar 2006 kamfanin Celtel, wanda Mo Ibrahim ɗan asalin Sudan ya kafa, ya soke kuɗin tsallaka iyaka tsakanin Kenya da Yuganda da Tanzaniya, a ƙarshen 2007 kuma tsarin ya iso Nijeriya da Nijar da Cadi, ta yadda ɗan kasuwar Kano zai shiga Maraɗi da layinsa ba tare da biyan kuɗin amsa kira ba. A Turai kuwa kamfanoni ba su saki ba sai da doka. A 2007, bisa jagorancin kwamishina Viviane Reding, aka ƙayyade kira a santi 49 a minti, amsawa santi 24. Aka yi ta ragewa har ranar 15 ga Yuni, 2017, da aka soke ƙarin gaba ɗaya a cikin Tarayyar. Bayan ficewar Birtaniya, wasu manyan kamfanoninta irin su EE da Vodafone sun dawo da kuɗin a 2022, abin da yake nuna cewa doka ce take riƙe da arahar, ba tausayin kamfani ba.

A Nuwamban 2025 Ryanair ya daina amfani da katin shiga jirgi na takarda a yawancin hanyoyinsa, ya mayar da shi cikin manhajarsa ta wayar hannu, wadda ta cikinta ne kuma yake sanar da fasinja jinkiri ko sokewa ko sauyin ƙofar shiga.