Itacen da Iska Ta Kayar, Na Wane Ne?

Jama'a, duk wanda ya tashi a Kasuwan Magani ya san iskar nan ta farkon damina, wadda kan zo a watan Afrilu ko Mayu kafin ruwa ya zauna. Cikin dare sai a ji ƙara kamar an harba igwa, da gari ya waye labari ya iso cewa wani ƙaton maɗaci ko ɗorawa ya kwanta a gonar wane. Yaran yanzu in sun ji haka, itacen girki kawai suke hange. Iyayenmu kuwa ba su ɗaga gatari sai sun tambaya: na wane ne?

Dalilin tambayar yana cikin tarihin zamanmu a nan. Kakanninmu fatauci da noma suka kawo su wannan yanki na Kajuru, lokacin yana ƙarƙashin Zazzau, suka tarar da mutanen da suke kira Kadara, waɗanda sunan da suke so a kira su da shi shi ne Adara. Gonaki da yawa da aka noma aro ne. To, a al'adar ƙasar nan, in an ba ka aron gona, ƙasa aka ba ka ka shuka dawa ko masara, amma ɗorawar da ke tsaye a tsakiya tana nan a hannun mai gonar. Matan gidansa ke zuwa su kaɗe ta in ta nuna, su fitar da kalwa su yi daddawa. Wato ɗorawa ita ce takardar shaida a zamanin da ba takarda. Saboda haka wanda ya faskare ta ba izini, ko da iska ce ta kayar da ita, kamar ya tsaya a bainar jama'a ne ya ce gonar ta zama tasa.

Shi ya sa dattijo kan sa hularsa, ya riƙi goro, ya tafi gidan mai gona ya ce, "Baba, tsohuwar nan taku ta kwanta." Sai a yi jaje kamar an yi rashi, sa'an nan a yi maganar rabo. In maɗaci ne akwai wata ƙofar kuma, domin yana cikin itatuwan katako da hukuma ke sa wa ido tun zamanin En'e, sai malamin daji ya sani. Wanda ya yi gaggawa, tara ce ke jiransa.

Aikin kansa ba na mutum ɗaya ba ne, gayya ake kira. Masu magani kan riga kowa, su ɓare ɓawon maɗaci don ciwon ciki da zazzaɓi. Masassaƙa su duba inda zai yi turmi ko kujera, su sa alama. Daga nan samari su hau rassa da adda da gatari, yara na jan ƙirare gefe. Wahalar tana ga gungumen, wanda wani sa'in mutum biyu ba su iya haɗa hannu su zagaye shi. In akwai dogon zarton nan na mutum biyu, a yi ta ja ana karɓa-karɓa har hannu ya yi kanta. In babu, sai a haƙa rami a ƙarƙashinsa a hura wuta, a bar ta tana ci a hankali kwana da kwanaki, ana shafa jiƙaƙƙiyar laka a gefe don kada ta wuce inda ake so, har ya rabu biyu. Sa'an nan masu faskare su kafa tsinin ƙarfe a tsaga, su bi shi da guduma. Ɗanyen itace ba ya son gaggawa. Sau da yawa akan bar gungumen ya sha iska, a dawo masa bayan kaka.

Jigila kuma kowa da irin tasa. Namu jaki ne da amalanke, sai yara da gammo. Matan Adara su ɗaura dami su kai gida ko kasuwa ran Alhamis, matan Gbagyi na wajen Kujama kuwa a kafaɗa suke ɗauka, ba su ɗora kaya a ka. Itace guda sai ya ciyar da murhun gidaje da dama, na masallata da na masu zuwa coci, tsawon watanni.

Abin da ya sauya lissafi shi ne Kaduna. Tun da ta zama hedkwatar Arewa a 1917 take girma, gidajen burodi da masu tuwo-tuwo da masu tsire duk itace suke ci, mu kuma muna bakin hanyar Kachia. A 1980 aka buɗe matatar mai a kan wannan hanya tamu, muka ɗauka kananzir zai hutar da daji. Ina! A 1993 da 1994 kananzir ya yi wuyar da har aka ƙirƙiro murhun Abacha mai amfani da ɗiɗɗigar katako. Manyan motoci suka riƙa sauka bakin titi suna lodin itace da buhunan gawayi, injin sare itace ya shigo, aikin da gayya ke yi a mako ya koma na yini ɗaya. Mai inji ba ya jiran iska, ba ya kuma zuwa gaisuwa da goro. Kirya da marke su suka fara tafiya, saboda gawayinsu ya fi auki.

Mu faɗi gaskiya, akwai hannun 'ya'yanmu a wannan ciniki, kamar yadda akwai na maƙwabtanmu. Kuma ba mu manta cewa rikicin da aka yi a garin nan a 1980 a kan gonaki ne ba, ballantana na ran Alhamis 18 ga Oktoba 2018, wanda 'yan sanda suka ce ya ci rai 55. Ba itace ne ya jawo su ba, amma duk ɗorawar da aka sare ba sallama, an rage shaida guda da za a nuna in gardamar iyaka ta taso. Akwai gonakin da in ka shiga, kututture kaɗai za ka tarar, dattawan da suka san wanda ya ba wa wane aro kuma sun riga mu gidan gaskiya.