Maharaɗa: Wuƙar Lalo a Tarihin Masar

A ɗakunan girkin ƙasar Masar akwai wata wuƙa da ake kira maharaɗa. Ba ta da tsini, ba ta da kube. Ƙarfenta lanƙwasasshe ne kamar jinjirin wata, da mariƙi biyu, ɗaya a kowane gefe. Babban aikinta shi ne yanka ganyen muluhiyya, wato ganyen da mu Hausawa muke kira lalo, Yarabawa suke kira ewedu, a arewacin Gana kuma ake ce masa ayoyo. A wannan maƙala za mu dubi dalilin da ya sa Misirawa suka keɓe wa ganye ɗaya wuƙa tasa.

Amsar tana cikin ganyen kansa. Lalo yana da yauƙi, kuma yauƙin yana fitowa ne gwargwadon yadda aka yanka shi. Uwargida takan tsinke ganyen, ta wanke, ta shanya shi ya sha iska, sannan ta tara shi a kan katako. Sai ta kama maharaɗa da hannu biyu, tana karkata ta dama da hagu. Da yake bakin wuƙar a lanƙwashe yake, kaifin yakan bi ganyen daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da an ɗaga shi ba, yatsu kuma suna nesa da hatsari. Idan ganyen ya yi laushi, sai a zuba shi cikin romon kaza ko na zomo, a ƙarasa da tafarnuwa da kusbara waɗanda aka soya da man shanu. Idan aka bar miyar ta daɗe tana tafasa, ganyen yakan kwanta a gindin tukunya, ruwa ya taso sama. Wannan abin kunya ne ga mai girki.

Miyar nan ta taɓa shiga siyasa. Halifan Faɗimiyyawa Alhakim bi Amrillahi, wanda ya yi mulki daga 996 zuwa 1021, ya kafa dokar hana cin muluhiyya a Masar wajen shekarar 1005. Masanin tarihi Almaƙrizi (1364–1442) ya kawo labarin. Dalilin da aka bayar shi ne Mu'awiya ɗan Abu Sufyan yana son miyar, alhali gidan Faɗimiyyawa 'yan Shi'a ne masu adawa da Banu Umayya. Daular ta faɗi a 1171 a hannun Salahuddini, amma har gobe muluhiyya tana cikin manyan abincin Masar. Doka ta iya hana a sayar da ganye a kasuwa; ba ta iya cire shi daga zukatan masu girki ba.

Idan muka waiwayi sauran ƙasashen da ake cin lalo, za mu ga kowace al'umma da dabararta. A ƙasar Sham sau da yawa akan dafa ganyen ɗungurungum. Mutanen Sudan sukan burga shi da wani ɗan itace mai suna mufuraka, wanda bai bambanta da maburginmu ba. Yarabawa kuwa gajeriyar tsintsiya suke sawa, wadda suke kira ijabe. Su waɗannan biyu na ƙarshe suna sarrafa ganyen ne bayan ya dahu. Misirawa suna gamawa da shi tun yana ɗanye, shi ya sa suke bukatar wuƙa. Ashe ke nan siffar kayan aiki shaida ce ta irin miyar da jama'a suka zaɓa wa kansu.

A yau injin markaɗe da kuma yankakken ganye mai ƙanƙara da ake sayarwa a leda sun rage wa maharaɗa aiki a birane, ko da yake masu girki da dama sun nace cewa inji yana dame ganyen ne kawai, ba ya yanka shi. Abin lura a nan shi ne, dokar Halifa tana cikin littafi, don haka ba za ta ɓace ba. Sanin karkata wuƙar kuwa, da sanin lokacin da ganye ya isa, yana hannun mata ne, daga uwa zuwa 'ya. Ranar da aka daina koya, ƙarfen kaɗai zai saura. Masu nazarin tarihinmu su ma ya kamata su shiga ɗakin girki, su tambayi maburgi da muciya labari tun masu riƙe su suna raye.