Horon 'Yan Sa Kai da Kuɗinsa: Abin da Tarihin Alec Dickson Ya Nuna

A ƙasar Hausa gayya ita ce tushen aikin sa kai. Mai gona ya kan gayyaci samarin gari, su taru da sassafe da garemaninsu, makaɗi yana zuga su, kafin azahar an nome gonar sarai. Ba wanda ya ke bukatar a koya masa kome, gama kowa ya tashi da fartanya a hannu, ɗawainiyar kuwa ba ta wuce fura da tuwo da goro ba. Amma ƙungiyar taimako irin ta zamani dabam ta ke. Aikin da ta ke nema, kamar ɗaurin rauni ko koyar da karatu, ba a gadonsa a gida. Saboda haka tambayoyi biyu su kan taso: wa zai horar da ɗan sa kai, wa kuma zai biya? Abin da mu ke so mu nuna a wannan maƙala shi ne, amsar ta biyu ita ke yanke ta farko. Za mu bi sawun mutum ɗaya, Alec Dickson, Baturen Ingila wanda ya rayu daga 1914 zuwa 1994, domin ya gwada hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce ta Man O' War Bay, wani lungun teku kusa da Victoria, garin da yanzu a ke kira Limbe, a Kudancin Kamaru, wanda a lokacin a ke mulkinsa tare da Nijeriya. A nan Dickson ya buɗe wurin horo a 1951. Ya ɗauko samfurinsa daga makarantar da Kurt Hahn ya kafa a Aberdovey a 1941, wadda wani attajiri mai jiragen ruwa, Lawrence Holt, ya ɗauki nauyinta. A kan tara samari masu ilmin boko, malamai da akawuna da ma'aikatan En'e, daga Arewa da Gabas da Yamma, a koya musu iyo da tuƙin kwalekwale, su hau Dutsen Kamaru wanda tsawonsa ya haura ƙafa 13,000, sa'an nan su shiga ƙauyuka su yi aikin hannu tare da talakawa. Nufin shi ne a cire wa ɗan boko ƙyamar cebur da kwando. Da ya ke Gwamnati ce ke biya, horon ya samu gindin zama. Da Kudancin Kamaru ya rabu da Nijeriya a 1961 aka komo da makarantar ƙasar Filato, sunanta kuwa har yau yana nan a kan ƙungiyoyin Man O' War na makarantunmu. Amma fa a lura, ta ɗore ne a matsayin hukumar Gwamnati.

Hanya ta biyu ita ce ta VSO, ƙungiyar da Dickson da matarsa Mora suka kafa a Ingila a 1958. A nan ba baitulmali, sai gudummawar jama'a da ta ƙungiyoyin coci. Waɗanda aka fara turawa ƙasashen waje, har da Sarawak a tsibirin Borneo, yara ne da suka gama sakandare suna jiran shiga jami'a. Ƙungiya ta nemo kuɗin jirgi, masu masauki su ba da ɗaki da abinci da ɗan abin kashewa. Horon da a ke yi musu kafin tafiya kaɗan ne ƙwarai, gama a ganin Dickson aikin da kansa shi ne makaranta. Wannan hanya tana da araha, amma ba ta daɗe ba. Ƙasashen da suka sami 'yancin kai ƙwararrun malamai da ma'aikatan asibiti su ke nema. Cikin shekarun 1960 kuma Gwamnatin Ingila ta shiga biyan babban kaso na kuɗin, mai biya kuwa ba ya rasa ta cewa. Sannu a hankali masu digiri da masu sana'a suka maye gurbin yaran, har ya zama zuwa 1980 an daina tura wanda ba shi da ƙwarewa, wa'adin aiki kuma ya koma shekara biyu.

Shi Dickson bai jira ƙarshen wannan ba. A 1962 ya bar VSO bayan saɓani da shugabanninta, ya kafa CSV don aikin sa kai a cikin Ingila kanta, watau hanya ta uku ke nan. Ƙa'idarta ita ce ba a mai da kowa baya, duk wanda ya kawo kansa za a sama masa abin yi. Asibiti ko gidan marayun da ya karɓe shi ya kan ɗauki nauyin cinsa da kwanansa, a bakin aikin kuma zai koyi abin da zai koya. A 2015 aka sake wa ƙungiyar suna, ta zama Volunteering Matters.

To, in muka jera hanyoyin nan uku za mu ga kowace da abin da ta saya da abin da ta sayar. Kuɗin Gwamnati ya sayo horo mai tsari da ɗorewa, amma ƙungiya ta kan rasa ikon zaɓen mutanenta. Gudummawar jama'a ta bar mata 'yancinta, amma ba ta isa a yi dogon horo ba. In kuwa mai masauki ke biya, to, horon ba zai wuce bukatar gidansa ba.

Wannan ya shafi malaman kwalejojin horon malamai kai tsaye, domin su a kan roƙa su shugabanci ƙungiyoyin ɗalibai, su kuma shirya wa 'yan agaji kwas. Kafin malami ya karɓi taimako daga kowane hannu, ya kamata ya san tsawon wa'adinsa, da sharaɗin da ke biye da shi, da abin da zai rage ran da aka janye shi. Ƙungiyar da ta horar da waɗansu daga cikin 'ya'yanta har suka iya horar da na baya, ita ce za ta ci gaba da aiki bayan kuɗin baƙo ya ƙare.